In Rana Ta Faɗi

Daga madatsa, ranar Lahadi

Yaya,

Yau wata goma sha tara da kwana shida rabona da gida. Na ƙirga ne don na san ita ce maganar farko da za ki jefe ni da ita, gara in riga ki.

Ina gaishe ki, ina gaida Inna, ina gaida ɗanki Dogo da iyalinsa. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, in ban da bayan nan nawa da ke tuna min shekaruna kowace safiya. Maganar waya kuwa kada ki ƙara yi min ƙorafi. Muna cikin kwazazzabo ne tsakanin duwatsu biyu, sai mutum ya yi minti arba'in yana hawan tudu kafin ya samu sanda ɗaya, ku kuma can taku ba ta shiga sam. Mu haƙura da takarda, tunda direban da ke kawo mana kaya ta ƙofarku yake bi.

Shi ya gaya min abin da ya sa na zauna rubutu. Ya ce kun sauka cikin kogi kun yi albasa, fangali arba'in, har kun kafa injin ban ruwa a kan yashi. Yaya, ke da kika yi shekara talatin kina koyar da 'ya'yan mutane, ba ki tambayi kanki inda ruwan ya tafi ba? Kogin bai ƙafe ba. Mu muka riƙe shi. Da, ƙofa uku muke saki dare da rana don injinan ruwa su ba birni wuta. Bara aka shimfiɗa farantan sola a kan tudu, sun fi dubu huɗu, suka ɗauke mana rabin nauyin. Yanzu ƙofa ɗaya ke isar mu, sauran ruwan muna tara shi don ya kai mu ƙarshen rani. Yashin da kuke gani ke nan.

Ban ce ku tuge abin da kuka dasa ba, na san yadda daminar bana ta yi da ku. Amma ki riƙe wannan da kyau, ki gaya wa Dogo da duk wanda ya sauka tare da ku: in rana ta faɗi, ƙofa uku muke buɗewa gaba ɗaya, ba ma jiran izinin kowa. Kada ku bar inji ko dabba ko mutum a ƙasa.

Ki shafa min kan yaran.

Ƙanenki


Daga gida, ranar Asabar

Ɗan Gwaggo,

Takardarka ta iso, mun gode da aka tuna da mu. Kowa lafiya. Ƙafar Gwaggo da sauƙi, har tana taka ta zuwa bakin zaure ta zauna ta sa wa masu wucewa ido. Na karanta mata gaisuwarka sau biyu, ta ce in sake duba bayan takardar ko ka rubuta ranar zuwa. Na ce mata ɗanta ya zama babban mutum, shi ke ba kogi izinin tafiya, ina zai samu lokacinmu.

To, mai ƙofofi, mun bi umarninka. Kullum in rana ta yi ja, Dogo ya kwance inji ya saɓa a kafaɗa ya hau gangare da shi, da safe ya sauko da shi. Ka san nauyin abin nan kuwa? Yau kwana goma sha shida. Ruwan bai ƙaru da ko ɗan yatsa ba. Rana kuwa kullum tana faɗuwa, ni da kaina nake dubawa, ba ta yi fashi ko sau ɗaya ba. Maƙwabtanmu na ƙasa da muka tsorata da maganarka yanzu in sun hango Dogo sai su ce ga jakin inji nan ya taso. Matarsa ta ce in kafaɗarsa ta goce kai za ta kawo wa shi ka yi jinya.

Jiya na ce ya isa. Mun kafa turke mun ɗaure injin a inda yake. Tun kana yaro haka kake, in ka ga inuwar igiya sai ka tara gari.

Ka ce ban tambayi kaina inda ruwa ya tafi ba. Na tambayi rumbu ne, shi ya ba ni amsa. Abin da ke ciki ba zai kai mu faɗuwar ruwan sama ba, ga baki takwas, har da na mahaifiyarka. Albasar nan ita ce abincinmu na wata huɗu. Ta yi kyau, sai ka gani, lawashi ya kai gwiwa.

Yayarka, ko ka so ko ka ƙi


Daga gida, ranar Alhamis

Ɗan Gwaggo,

Muna raye. Iyakar gaisuwar da zan iya ke nan.

Direba bai zo makon jiya ba, don haka ga takardu biyu tare. Karanta ta farko ka yi dariya, sannan ka karanta wannan.

Jiya Laraba, da hantsi, rana ta ɗaga tana dukan ƙeya, muna cikin fangali ni da Dogo da matarsa muna cire ciyawa, sai na ji sanyi a dunduniya. Na duba ƙasa na ga ruwa yana bin kunya kamar an aiko shi. Kafin in ce wa Dogo duba, ya kai idon sawu. Kafin mu kwashi fartanya ya kai gwiwa. Dogo ya koma kwance inji, kullin da ya yi da hannunsa ya ƙi kwantuwa, ruwa ya kai masa ƙirji yana ta fama. Matarsa ce ta jefa masa igiyar guga, ni da ita muka ja shi, tsohuwa da mai ciki. Ya fito. Injin bai fito ba.

Ruwan ya tsaya a dutsen wanki, yau da safe ya janye. Fangali shida na can ƙasa babu ko alamarsu. Saura talatin da huɗu, su ma da bokiti za mu shayar da su.

Ka ce in rana ta faɗi. Da hannunka ka rubuta, takardar tana gabana. Kwana goma sha shida muna gudun magariba, ruwanka ya zo mana da hantsi. Da ba ka ce komai ba, da muna sa ido a kowane lokaci. Kai ka koya mana cewa yini lafiya ne.

Ban gaya wa Gwaggo cewa hannunka ne ba. Kai za ka gaya mata.

Yayarka


Daga madatsa, ranar Litinin

Yaya,

Na gode wa Allah da Ya bar mana Dogo. Ki gaishe shi, ki gaida matarsa, ki ce mata ta ja igiyar da ban isa in biya ta ba. Ina fata cikin bai taɓu ba. Ni lafiyata ƙalau, kuma yau ina jin kunyar faɗin haka.

Na karanta ta farko, ban yi dariya ba. Tun a layin da kika ce kina duba rana kullum na ajiye takardar na dafe kai, don na gane abin da na yi.

A nan ba ma cewa sola. Rana muke cewa. Injinan ƙasa kuma Ruwa. Da safe mai gadi zai leƙo ya ce Rana ta tashi, a kashe Ruwa. In hadari ya rufe tudu mu ce Rana tana tari. In kuwa wani abu ya ƙone, farantai dubu huɗu suka ɗauke wuta a lokaci guda, sai mu ce Rana ta faɗi. Mu tara ne a wurin nan, bakinmu ɗaya, safe da yamma, har na manta akwai wata rana a sama wadda sauran mutane suke nufi. Wannan laifina ne, ban raba shi da kowa ba.

Ranar Litinin waccan, ƙarfe goma sha ɗaya, ɗaya daga cikin inbata uku ta kama hayaƙi. Inbata akwati ce kamar ɗaki, ita ke juya wutar farantai ta zama irin wadda ake sha a gida. Da ta ƙone ta ja sauran biyun suka mutu. Jiniya ta ɗauka. Ni ne a bakin aiki, ni na buɗe ƙofa ukun, ba wani ba. Da aka karɓe ni na hau tudu da gudu, da wannan bayan nawa, na kira mai shagon bakin hanyarku sau goma sha ɗaya. A kashe. Ruwan da na saki yana ɗaukar kwana biyu kafin ya iso ku, na zauna a kan dutse ina sane da inda ya kai, ba abin da zan iya.

Amma kada ki ce da na yi shiru ya fi. Ba ni na ce ku shiga gidan kogi ku shimfiɗa tabarma ba. Akwai allo a bakin gadarku, ja da fari, ke kika fi kowa iya karanta shi.

Yanzu ki natsu, don abin da ke tafe ya fi wanda ya wuce. Ɗinki aka yi wa inbatar, ba gyara ba. An gano wayoyin ukun duk sun gasu. Ranar ɗaya ga wata ɗan kwangila zai iso da mutanensa, za a kashe sola gaba ɗaya, kwana goma sha biyu. Kin ga na ce sola. Kwana goma sha biyu ƙofa uku a buɗe. Wancan karon yini guda ne kawai, ya kai dutsen wanki ya koma. Wannan zai haye dutsen, ya haye fangalinki na ƙarshe, ya zauna.

Ki rubuto min abu biyu, kada ki haɗa da zagi sai a ƙasa: kwana nawa ya rage albasar ta ƙosa, kuma fangali nawa ne a saman dutsen wanki, nawa ne a ƙasansa.

Inna kuwa ki bar min, ni zan gaya mata da bakina.

Ƙanenki


Daga gida, ranar Juma'a

Ɗan Gwaggo,

Kowa lafiya. Cikin yana nan, yana ma harbi. Dogo tari yake yi amma yana fita. Mu shida muke jigilar bokiti daga asuba zuwa hantsi, har babbar jikata an cire ta daga makaranta, ni da nake zagin iyayen da ke yin haka.

Ga amsarka. A saman dutse ashirin da uku, a ƙasa goma sha ɗaya. Daga ɗaya ga wata, albasar tana bukatar kwana ashirin da ɗaya. In aka tone ta kafin nan ruwa ce zalla, ba ta ajiyuwa, mako guda ta ruɓe a buhu.

Na yarda ka yi kuskuren baki, ni ma na yi na ƙafa. Mun yi kunnen doki. To yanzu fa? Ka ce hannunka ne ke buɗewa. Hannun da ke buɗewa ai yana iya ƙin buɗewa. Ƙarfe ne, ƙarfe yana cijewa. Ka ce ƙofa biyu sun cije, wa zai shiga ƙarƙashin ruwa ya ƙaryata ka? Mutanen birni su yi fifita na mako uku, ba mutuwa za su yi ba. Mu da muke kwana a bakin kogin da ake yin wutar da shi, ko ƙwan fitila ɗaya ba a taɓa rataya mana ba. Su sha wutar, mu sha ambaliyar?

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Gida tara ne a cikin yashin nan. Tun da suka ji ɗan gidanmu ne mai ƙofa, ba wanda ya ƙara kiran Dogo jaki. Sallama suke yi mana da safe.

Gwaggo ta ji a bakin direba cewa hutunka uku ga wata ne. Ta sa an wanke ɗakinka, an shanya katifa. Ka zo ka same mu da albasa, ko ka zo ka same mu da laka, zaɓi naka ne.

Ga zagin a ƙasa kamar yadda ka nema: mai kunnen ƙashi.

Yayarka


Daga gida, ashirin da bakwai ga wata

Ɗan Gwaggo,

Lafiya muke, in ana kiran wannan lafiya.

Direba ya zo hannu rabbana. Ya ce ya buga ɗakinka ba ka nan, aka ce masa kana ofis tun safe, ya jira har ya gaji. Na juye jakarsa da hannuna a gaban mutane.

Saura kwana huɗu. Dogo ya ce mu tone duka gobe mu sayar da ganye, ko banza a samu na gishiri. Na ce a jira ka. Maƙwabta biyu sun riga sun fara tonewa, suna yi suna kallon gidanmu. In shirun nan fushi ne don na ce ka yi ƙarya, ka yi fushin bayan ka ba ni amsa. In tone, ko in bari?

Yayarka


Daga madatsa, ashirin da tara ga wata

Yaya,

Kada ki tone na sama. In Dogo ya ɗauki fartanya ki zauna a kanta.

Yanzu gaisuwa. Ina gaida Inna, ina gaida mai ciki, Allah Ya raba lafiya. Tarin Dogo kada a yi wasa da shi, ruwan kogi ya sha. Wannan takardar mai dafa mana abinci zai kawo, na roƙe shi ya bi ta wajenku a kan babur, ku ba shi ruwa ya sha, ya yi min abin da ɗan'uwa ke yi.

Ba fushi na yi ba. Ba ni da abin rubutawa ne, kuma na ƙi in sake aiko miki da kalmar da za ta sa ki kwana da rai a wuri mara kyau.

Maganar cijewar ƙofa, ba zan ɓoye miki ba, na je. Na tsaya a kan ƙofa ta uku da sifana a hannu, na san kusoshi biyun da zan sassauta. Na fi minti goma a wurin. Abin da ya hana ni ba tsarki ba ne. Layin da ke kai wuta gidajen masu fankar da kike jin haushi, shi ne ke kai wa asibiti da famfunan ruwan birni, ba a yi musu waya daban ba. Na taɓa ganin yadda unguwa ke zama in famfo ya yi kwana biyar a bushe. Su ma gida-gida ne, Yaya, sai dai ba su san sunana ba balle su yi min sallama da safe. Maganar ƙwan fitila kuwa gaskiyarki ce, na faɗe ta a taro ya fi sau biyar, an rubuta, an rufe littafi.

Na mayar da sifana na tafi wurin Injiniya. Yarinya ce, ba ta kai Dogo ba, amma kanta yana aiki. Na shimfiɗa mata komai. Ta ce, “Baba, cikin kogi fa suka shuka.”

Na ce, “Na sani.”

“Akwai allo.”

“Yayata ce ta koya wa rabin garin karanta shi.”

Ta yi dariya, ta daina. Ta ce, “To me kake so in yi? In ce wa wayoyi su jira albasa?”

Na ce a'a, a yi aikin, amma kada a kashe ukun tare. A kashe ɗaya a gyara, biyu suna aiki, in an gama a koma ta gaba. Ta ja takarda ta yi lissafi, ta ce haka ƙofa biyu za su isa, wani lokacin ma ɗaya da rabi. Ta ce ita ma ya fi mata, don ruwan da za a zubar a kwana goma sha biyu tana bukatarsa a ƙarshen rani. Amma sai ɗan kwangila ya yarda.

Kwana uku muna hawa tudu ni da ita muna kiran mutumin nan. Ranar da direba ya neme ni, ɗan kwangilar ya zo da kansa, muna ofis. Mutum ne mai tumbi da agogo biyu, ɗaya a hannu ɗaya a baki. Ya ce, “Malam, aikin kwana goma sha biyu kake so ka mayar min sha takwas saboda miya?”

Na ce, “Saboda gida tara.”

Ya ce, “Ka san abin da kake nema? Yarana su sa hannu a waya alhali ta kusa da ita tana da rai. Wa zai kashe, ya sa kwaɗo, ya gwada, ya tsaya a kansu daga safe har yamma, kullum? In wuta ta ja min yaro ɗaya, albasa za ka kai wa uwarsa?”

Gaskiya ya faɗa, ban ji haushinsa ba. Masu takardar izinin yin wannan a nan mu biyu ne, ni da Injiniya, ita kuma ba za ta bar ɗakin sarrafawa ba. Ta dube ni ta ce, “Baba, hutunka fa uku ga wata ne.” Na ce na san ranar. Ɗan kwangila ya ce in sa hannu cewa ran yaransa yana wuyana. Na sa. Da ya ga na sa, sai ya sauko, ya ce ai akwai ramin sababbin wayoyi da za a haƙa, da niyyarsa a yi shi tare da sauran, amma zai iya farawa da shi ba a kashe komai ba. Kwana takwas.

Don haka ki ce wa Inna a mayar da katifa ɗaki kada rana ta cinye ta, ranar sama nake nufi. In na bar hutun nan sai bayan damina, don ba a barin ƙofa in ruwa ya fara sauka. Ki gaya mata ni na zaɓa, ba a tilasta ni ba. Sauran maganar da ke tsakanina da ita tana nan, ban manta ba.

Ga yadda za ku yi, ki karanta wa gida taran da babbar murya, in akwai kalmar da ta yi miki fuska biyu ki ɗauki mafi munin. Ranar tara ga wata, ƙarfe bakwai na safe, zan kashe inbata ta farko in buɗe ƙofa ta biyu. Ranar goma sha ɗaya da safe ruwa zai iso ku. Zai hau har dutsen wanki ya tsaya nan kwana goma sha takwas. Ku kafa sanda taku biyu a saman dutsen, a sa mutum yana duba ta. In ruwa ya taɓa sandar, wani abu ya lalace a nan, ku bar komai ku hau.

Kin nemi kwana ashirin da ɗaya, na samo takwas. An yi niyyar ƙofa uku, na hana ɗaya. Fangali goma sha ɗaya na ƙasa ku tone su kafin ranar tara, ku sayar da lawashinsu, ba yadda na iya da su. Shida sun riga sun tafi, da inji. Ashirin da uku na sama za su ƙosa a inda suke.

Ashirin da uku cikin arba'in. Iyakar abin da na iya tserar muku ke nan.

Ƙanenki